Goro, Sarauta da Mishan: Tarihin Hanyar Gwanja daga Salaga zuwa Tamale

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in ƙagaggen labari wanda ke haɗa soyayya da tarihi da koyarwar addinin Kirista. Wannan nau'i ya sami karɓuwa sosai a Amurka tun daga shekarar 1979, lokacin da Janette Oke ta fitar da littafinta mai suna Love Comes Softly. Marubutan irin wannan labari sukan ɗauki wani zamani da ya shuɗe, su sanya saurayi da budurwa a cikinsa, sannan su jarraba soyayyarsu da imaninsu da haɗurran wannan zamani. Cikin zamunnan da suka dace da irin wannan labari akwai na cinikin kayan yaji, wato lokacin da Turawa suka yi ta kokawa a kan barkono da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Vasco da Gama ya isa Indiya ta teku a 1498. Mutanen Holan sun kafa kamfaninsu na cinikin gabas a 1602, kuma a 1621 suka hallaka akasarin mutanen tsibiran Banda domin su mallake gyaɗar ƙamshi su kaɗai. A wannan tarihi akwai dukiya, akwai makircin fada, akwai kuma masu wa'azi da ke bin jiragen fatake.

Ɗalibin Hausa ba sai ya je Indiya ba kafin ya ga waɗannan abubuwa uku a wuri guda. Suna nan a tarihin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wato yankin da yanzu ke arewacin Gana. Wannan takarda za ta bi wannan tarihi tun daga tasowar Salaga har zuwa lokacin da Tamale ta gaje ta. Manufarta ita ce ta nuna cewa rikicin sarauta da na dauloli shi ne ya riƙa karkata hanyar goro daga wannan gari zuwa wancan, sannan ta fayyace matsayin da Kiristoci da kuma aure suka riƙe a cikin labarin.

2.0 Goro da Kayan Yaji

Bahaushe ya san kayan yaji tun da daɗewa. Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya duk daga dazuzzukan kudu suke fitowa, kanumfari kuwa daga gabas yake zuwa. Ita citta mai 'ya'ya har Turai ta riƙa kaiwa ta hamada tun kafin jiragen Fotugal su iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Amma abin da ya taka irin rawar da barkono ya taka a Turai, wato abin da ya sa mutane suka bar gidajensu shekara guda, suka tara dukiya, suka kafa garuruwa, shi ne goro.

Dalilin haka a bayyane yake. Goron da Hausawa suka fi so ba ya fitowa a ƙasarsu, kuma a wancan zamani babbar matattararsa ita ce dajin Asante, ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Ga shi kuma babu wata hidima ta rayuwa da ake yi ba da shi ba. Da goro ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaida sarki da malami da suruki. Har yau idan aka yi wa mutum kyauta don aikin da ya yi sai a ce an ba shi goro, ko da kuɗi aka ba shi.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa hulɗar ta tsufa. Ya ce Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438-1452) ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463) fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Amma bunƙasar cinikin ta gaske ta zo ne a ƙarni na 19, saboda dalilai biyu da suka haɗu a lokaci guda. Na farko shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, wanda ya haɗe ƙasashen Hausa cikin daula guda mai yawan jama'a, inda aka hana giya amma aka halatta goro. Na biyu kuwa shi ne dokar da Ingila ta yi a 1807 ta hana fataucin bayi ta teku, abin da ya sa Tonawa suka ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ana shigo da fiye da kayan jaki 500 na goro kowace shekara, kuma kowane kaya, idan ya iso lafiya, yakan kai wuri 200,000.

3.0 Ayari da Hanya

Binciken da Paul Lovejoy ya yi, wanda aka buga a Zariya a 1980, ya nuna cewa zuriya uku ne suka fi riƙe wannan fatauci a ƙasar Hausa: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Dukkansu asalinsu baƙi ne waɗanda suka zauna suka zama Hausawa, suka riƙa auratayya a tsakaninsu, suna ba juna bashi da amana.

Ba a tafiya Gwanja a ɗaiɗaice. Fatake sukan haɗu su yi ayari ƙarƙashin madugu, wanda shi ke da ta cewa a kan hanyar da za a bi da zangon da za a sauka, shi ne kuma ke yin ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Yana da jagaba mai shiga gaba, da malami mai rubutu da addu'a. Babbar hanyar takan tashi daga Kano ko Sakkwato ta bi ta Jega, ta ƙetare Kwara, ta ratsa Bargu, ta bi ta Sansannen Mango, ta shiga Yandi, babban birnin Dagwamba, sannan ta gangara Salaga. Tafiya ce ta watanni, kuma zuwa da komowa yakan cinye shekara. A 1826 Hugh Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama ta ƙasar Bargu yana komowa daga Gwanja, ya ce mutanensa, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka.

Abin da ayari ke kaiwa shi ne tufafin Kano da rinannun zannuwa, da kanwa, da jemammiyar fata, da takalma, da gabu, da dabbobi, da bayi. Abin da yake komowa da shi kuwa kaya ne mai wuyar sha'ani. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, kuma idan sankara ta kama ɗaya sai ta bi sauran. Dole a naɗe shi cikin ɗanyen ganye, a riƙa kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Saboda haka duk abin da ya tsai da ayari, ko yaƙi ne ko rigimar fito, hasara ce kai tsaye. Wannan ne ya sa bafatake ya fi kowa kasa kunne ga labarin fada, ko da fadar ba ta garinsu ba ce.

4.0 Salaga a Ƙarƙashin Tonawa

Daular Gwanja ta kafu ne tun ƙarni na 16, kuma ta kasu gida-gida ƙarƙashin babban sarki mai sarautar Yagbumwura. Gidan gabas shi ne na Kpembe, kuma Salaga tana ɗan nesa kaɗan da fadar Kpembewura. Wato dai Kpembe garin sarauta ne, Salaga kuwa garin baƙi ne.

A wajajen 1744 zuwa 1745 Sarkin Asante Opoku Ware na ɗaya ya kai yaƙi arewa, Gwanja da Dagwamba suka koma suna biyan gandu ga Kumasi, mafi yawansa da bayi. Daga farkon ƙarni na 19 sarakunan Asante suka tsara cinikin goro yadda zai amfane su. Suka hana fataken arewa wucewa zuwa cikin daji inda itacen yake, suka mai da Salaga mahaɗa. Tonawa su kawo goro a ka, Hausawa da Wangarawa da Mosawa su tare su a can. Fataken sarki ne ke fara sayar da nasu kafin a buɗe wa sauran jama'a hanya, lokacin da farashi ya fi tsada.

Da haka Salaga ta zama babbar kasuwa. Ana kiranta garin rijiya dubu saboda yawan rijiyoyin da aka haƙa don shayar da baƙi da dabbobinsu. Baƙo yakan sauka a gidan mai gida, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Hausa ce harshen kasuwa, kuma malamai suka buɗe makarantu. Sai dai arzikin garin yana rataye ne da abu guda, wato umarnin Kumasi cewa a nan za a sayar da goro. Ranar da wannan umarni ya canza, garin zai ji a jikinsa.

5.0 'Yan Mishan a Hannun Sarkin Asante

A nan ne Kiristoci suka fara shigowa cikin labarin, kuma ta wata hanya da ba su zaɓa ba. A watan Yuni na 1869 rundunar Asante ƙarƙashin Adu Bofo ta kama wasu 'yan mishan na ƙungiyar Basel a garin Anum, gabas da kogin Volta. Su ne Fritz Ramseyer da matarsa Rosa da jaririnsu, da kuma Johannes Kühne. Aka kora su a ƙasa zuwa Kumasi, jaririn ya rasu a hanya. An haɗa su da wani Bafaranshe ɗan kasuwa mai suna Marie-Joseph Bonnat. Sarki Kofi Karikari bai wulaƙanta su ba, amma ya riƙe su yana neman fansa, aka yi ta ja-in-ja da hukumar Ingila da ke bakin teku har fiye da shekara huɗu.

Batun waɗannan fursunoni yana cikin dalilan da Ingila ta kafa hujja da su, tare da rigimar garin Elmina wanda ta karɓa daga hannun Holan a 1872. An sake su a watan Janairu na 1874, amma hakan bai tsai da Garnet Wolseley ba. A watan Fabrairu ya shiga Kumasi ya ƙone ta.

Labari na isa arewa sai Gwanja ta gabas ta yi tawaye. Aka kashe Tonawa da yawa da ke zaune a Salaga. A kudu maso gabas kuma, bokan gunkin Dente da ke Krachi ya haɗa kan garuruwan da suka ɓalle, suka tare hanyoyin da ke zuwa Kumasi. Tonawa suka mai da martani da abin da ke hannunsu: suka hana goro zuwa Salaga. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta koma Kintampo, wadda ke yamma. Salaga ta sami 'yancin kanta, amma ta rasa abin da ya kafa ta. Sai ta ƙara dogara ga gishirin da ake haurowa da shi ta Volta daga bakin teku, da kuma bayin da mayaƙan Zabarmawa, waɗanda daga baya Babatu ya shugabanta, ke kamowa daga ƙasar Gurunsawa.

Tun da yanzu hanyar kudu ta buɗe ga wanda ba Batone ba, baƙi suka fara isowa. Bonnat ya je Salaga a 1876. A 1877 Theophilus Opoku, wani fasto ɗan ƙasar Akuapem na mishan ɗin Basel, ya isa garin, ya zauna, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa, har da halin da bayi ke ciki. Ɗan'uwansa a aiki David Asante shi ma ya kai ziyara. Babu wanda ya kafa coci a cikinsu. Abin da suka bari shi ne rubutu, kuma da wannan rubutu ne masana ke sanin kamannin Salaga a shekarun da take gangarowa.

6.0 Yaƙin Basasar 1892

Sarautar Kpembe tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku: Lepo da Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase sun daɗe suna ganin an danne musu rabonsu. A 1892 shugabansu, Kabachewura Isifa, ya tayar wa Kpembewura Napo na gidan Lepo. Da yake ƙarfinsa shi kaɗai bai isa ba, sai ya nemi taimakon Dagwamba da Nanumba. A ƙarshen wannan shekara suka ci yaƙi, Napo ya gudu, Isifa ya hau gado.

Rigimar ta 'ya'yan sarki ce, amma baƙi ne suka biya kuɗinta. Mayaƙan da aka gayyato suka wawashe Salaga. Fatake da malamai suka watse, wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, da yawa kuma suka gangara Kete, kusa da Krachi. Cikin waɗanda suka shaida wannan zamani akwai Gottlob Adolf Krause, wani Bajamushe masanin Hausa wanda mutanen garin ke kira Malam Musa. Akwai kuma Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi ayari zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga yana koyarwa. Bayan yaƙin ya koma Kete-Krachi, ya zama limamin garin, kuma a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan rushewar Salaga da zuwan Nasara da talauci da wadata.

A Kete-Krachi ne Alhaji Umaru ya haɗu da Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa ƙasar a matsayin ɗan mishan na Basel, daga baya ya zama jami'in mulkin Jamus. Mischlich ya yi karatun Hausa a wurin liman, liman kuma ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami game da tarihi da sana'o'i da al'adun Hausawa. A 1906 Mischlich ya fitar da ƙamus ɗinsa na Hausa da Jamusanci. Wannan hulɗa tsakanin malamin Musulunci da tsohon mai wa'azin Kirista tana cikin abubuwa mafiya amfani da watsewar Salaga ta haifar wa nazarin Hausa.

7.0 Rabon Ƙasa da Tasowar Tamale

Lokacin da gidajen Kpembe ke faɗa da juna, wasu masu neman sarauta sun riga sun iso. A 1888 Bafaranshe Louis-Gustave Binger da Bajamushe Curt von François duk sun bi ta Salaga. A wannan shekara Ingila da Jamus suka amince a bar yankin Salaga da Yandi ba na kowa ba, amma kowannensu ya ci gaba da aika mutanensa a ƙarƙashin ƙasa. George Ekem Ferguson, wani Bafante ma'aikacin Ingila, ya zagaya arewa a 1892 da 1894 yana ƙulla yarjejeniya da sarakuna, har mayaƙan Samori suka kashe shi kusa da Wa a 1897. Jamusawa kuwa sun kafa sansani a Kete-Krachi a 1894, suka kashe bokan Dente. A watan Disamba na 1896 suka karya rundunar Dagwamba a Adibo, suka ƙone Yandi.

A 1899 dauloli biyun suka raba yankin. Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus. Ma'anar wannan ita ce an tsaga ƙasar Dagwamba gida biyu, an kuma datse tsohuwar hanyar ayari a tsakiyarta, domin mai zuwa Salaga daga Yandi yanzu sai ya ƙetare iyaka.

Ingilishi sun ajiye hedkwatarsu ta arewa a Gambaga, amma ta yi nisa. A 1907, zamanin Kwamishina Watherston, suka mai da ita Tamale. Kafin nan Tamale 'yan ƙauyuka ne na Dagwamba, ba ta cikin manyan zangunan ayari. Abin da ya ɗaga ta shi ne tana tsakiyar yankin da ke hannun Ingila. Aka gina bariki, aka buɗe makarantar gwamnati a 1909, aka shimfiɗa hanya daga Kumasi ta mashigin Yeji har zuwa Tamale. Inda hukuma da soja da hanya suka taru, nan kasuwa ke zuwa. Hausawa da Mosawa da Yarabawa suka kafa unguwanninsu, mahauta da dillalan shanu da masu goro suka zauna. Ingila ta karɓe Yandi a 1914 a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙasar Dagwamba ta sake haɗuwa, amma ko da yake Ya Na yana Yandi har yau, mulki da ciniki sun riga sun zauna a Tamale.

Shi ma goron bai tsaya jiran kowa ba. Fatake sun gano cewa ana iya ɗora shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Rayuwar Alhassan Ɗantata ta nuna wannan sauyi. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mahaifiyarsa ita ma bafatakiya ce wadda ta koma Ankara da zama. Ya yi fataucin goro ta hanyar teku, sannan ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a Kano a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. A ɗaya ɓangaren kuma manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja, har garuruwa irin su Shagamu suka zama sababbin kasuwanninsa. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, cikinsu har da Hausawa da yawa waɗanda kakanninsu suka zo da ayari.

8.0 Kiristanci da Aure a Cikin Labarin

Idan aka auna wannan tarihi da irin ƙagaggen labarin da aka ambata a farko, za a ga bambanci a wurare biyu.

Na farko shi ne matsayin mishan. A labarin soyayya na Kirista, mai imani shi ne jarumi, kuma sauyin zuciya shi ne ƙarshen labari. A hanyar Gwanja kuwa fatake Musulmi ne, sarakuna suna tsakanin Musulunci da addinin gargajiya, 'yan mishan kuma sun zo a makare. Hukumar Ingila da kanta ba ta yi marhabin da su a arewa ba. Limaman Katolika da ake kira Fararen Fada sun shigo ne daga Wagadugu, suka sauka Navrongo a 1906, can kusa da iyaka. Mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yandi a 1913, yaƙi ya rufe ta a 1916. 'Yan Assemblies of God sun iso Yandi a 1931. Sai a 1950 aka kafa diyosis ɗin Katolika na Tamale, wanda ya zama na babban bishop a 1977. Babban bishop ɗinsa na farko, Peter Poreku Dery, ɗan ƙabilar Dagara ne daga arewa maso yamma, kuma an naɗa shi kadinal a 2006. Wannan yana nuna inda Kiristanci ya fi yin saiwa a arewacin Gana, wato a cikin al'ummomin da ke nesa da tsofaffin zanguna. Tamale kanta gari ne da Musulmi suka fi yawa, inda coci da masallaci ke maƙwabtaka. Babban abin da 'yan mishan na ƙarni na 19 suka bar wa tarihin goro shi ne shaida.

Na biyu shi ne soyayya. Littattafan matafiya ba su ajiye hirar saurayi da budurwa ba, amma aure yana ko'ina a cikin wannan fatauci. Bafatake yakan bar mata a Kano ya yi wani auren a zango. Mai gida yakan ba amintaccen baƙonsa 'ya, don zumunci ya ƙarfafa amana. Mata suna cikin ayari, wasu matan aure, wasu masu tuwo, wasu masu jarin kansu. 'Ya'yan da aka haifa daga waɗannan aure su ne suka zama mutanen zango, masu jin Hausa da Dagbanci ko Gwanjanci ko Tonanci, waɗanda har yau Hausa ce ke haɗa su daga Tamale zuwa Kumasi da Ankara. Amma ba kowace mace ce aka nemi yardarta ba. Da yawa an sayo su ne a kasuwar Salaga, aka mai da su ƙwaraƙwarai ko masu ɗaukar kaya. Duk labarin da ya kawo ƙamshin kasuwa da adon madugu ya manta da waɗannan mata, ya faɗi rabin gaskiya ne.

Adabin Hausa yana da nasa misalin da ya cancanci a duba. Cikin ƙagaggun labaran farko da aka buga a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa ta Zariya, ya rubuta tare da Rupert East. Labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, da ramuwar da ta biyo baya. Marubucin Kirista ne, amma ya bar mutanen labarinsa a cikin duniyarsu ta Hausawa Musulmi, bai mai da su abin wa'azi ba. Haka kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi hanyar fatake ta idon yaron da aka sace da uwar da ke nemansa. Waɗannan littattafai biyu sun nuna cewa ana iya ba da labarin so da fatauci ba tare da an ɓoye dukiyar da ke raba masoya ko bautar da ke raba uwa da ɗa ba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi hanyar goro daga ƙarni na 15 zuwa na 20. An ga cewa bukatar goro a ƙasar Hausa ba ta taɓa raguwa ba, amma wurin sayar da shi ya yi ta sauyawa bisa ga wanda ke riƙe da iko. Umarnin Kumasi ne ya ɗaga Salaga, yaƙin 1874 ya janye mata goro, rigimar gidajen Kpembe ta 1892 ta watsa mutanenta, rabon 1899 ya datse mata hanya, sannan shawarar Ingila ta 1907 ta miƙa gadonta ga Tamale. Kete-Krachi ta dā, inda 'yan gudun hijirar suka fake, ruwan tafkin Volta ya cinye ta bayan gina madatsar Akosombo a 1965. Salaga tana nan a yau a matsayin ƙaramin gari cikin Yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019, da ragowar rijiyoyinta da filin tsohuwar kasuwar bayi.

Ga mai nazarin adabi, darasin shi ne ya tambayi kowane ƙagaggen labarin tarihi wa ya sa a tsakiya, wa kuma ya bari a gefe. A tarihin Gwanja waɗanda ke tsakiya su ne madugu da mai gida da malami da 'ya'yan sarki da matan ayari da bayi masu ɗaukar kaya. 'Yan mishan irin su Ramseyer da Opoku da Mischlich suna da gurbinsu, gurbin fursuna da matafiyi da ɗalibi. Wanda ya kiyaye wannan tsari zai fahimci dalilin da ya sa ake jin Hausa a kasuwar Aboabo ta Tamale, ɗaruruwan kilomita daga Kano, da kuma dalilin da ya sa har yau tsofaffin Kano ke kiran goro mai kyau da sunan Gwanja.